Glacier House: otal ɗin da nauyin tarago ya haifa, rami ya kashe shi

A yammacin Kanada, can cikin tsaunukan da ake kira Selkirk, an yi wani otal mai suna Glacier House wanda ya kusa shekara arba'in yana sauke baƙi, alhali babu gari kusa da shi, babu kuma titin mota da ya isa wurin. Jirgin ƙasa ne ke kai mutum, shi ne ke ɗauko shi. Attajiran London da Boston da Philadelphia sun kwana a cikinsa, masu hawan tsauni sun yi makonni suna fita da asuba suna dawowa da dare, mata da dogayen riguna sun tsaya an ɗauke su hoto a bakin ƙanƙara. Wanda ya je yau harsashin gini kawai zai tarar a cikin itatuwa. Kuma abin mamaki, gobara ba ta ci shi ba, dusar ƙanƙarar da ta hallaka mutane da yawa a wannan kwari ba ta binne shi ba. Kamfanin da ya gina shi ne ya rufe shi a 1925, ya sa aka rushe shi a 1929.

Kafin a shiga dalili, sai an san abin da baƙin ke zuwa kallo, domin ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ke zubowa da ruwan sama kamar tsakuwa ta lalata shuka, sai kuma ta firji da ake rububinta lokacin azumi. Wannan daban ce. A kan tsaunuka masu tsananin sanyi, dusar ƙanƙarar da ta sauka bana ba ta gama narkewa sai ta baɗi ta zo ta hau kanta. Shekara da shekaru ta sama tana danne ta ƙasa, har iskar da ke cikinta ta fice, ta koma ƙanƙara mai tauri mai launin shuɗi-shuɗi. Idan kaurinta ya yi yawa sai nauyinta ya sa ta fara gangarowa cikin kwari, tafiyar da ido ba ya gani, tana niƙa duwatsu tana tura ɓaraguzai gabanta. Kogi ne, sai dai daskararre. Bakinsa na ƙasa, inda ɗumi ke cinsa, narkewa yake ya zama rafi. In abin da ke taruwa a sama ya fi wanda ke narkewa, bakin ya matso gaba. In na narkewa ya fi, ya ja da baya. Wanda ke saman Glacier House sunansa Illecillewaet, kuma a shekarun farko fasinja na hango shi daga tasha, ya taka da ƙafa ya je ya taɓa shi ya dawo.

To me ya kai layin dogo irin wannan wuri?

Siyasa ce. A 1871 yankin British Columbia, wanda ke bakin tekun Fasifik, ya yarda ya shiga tarayyar Kanada bisa alkawarin za a haɗa shi da gabashin ƙasar da layin dogo cikin shekara goma. Shekara goman ta cika ba a kai ko'ina ba. A 1881 gwamnatin John A. Macdonald ta miƙa aikin ga wani sabon kamfani, Canadian Pacific, ta ba shi dala miliyan 25 da eka miliyan 25 na fili. Tun kafin nan babban injiniyan gwamnati, Sandford Fleming, ya riga ya auna hanya ta wani mashigi da ke can arewa, Yellowhead, wanda hawansa bai da tsanani. Kamfanin ya ƙi ta. Ya zaɓi ya bi kudu, kusa da kan iyakar Amurka, don kada layukan Amurkawa su miƙo reshe su kwashe cinikin yankin. Lissafin kasuwa ne mai ma'ana, sai dai hanyar kudu tana da jerin tsaunuka biyu a gabanta, Rockies da Selkirk, kuma a lokacin da aka yanke shawarar babu wanda ya tabbatar akwai ƙofar da jirgi zai bi ta cikin na biyun. Wato an fara shimfiɗa dogo ana nufar bango, da fatan kafin a isa za a ga kafa.

Wanda aka ɗora wa neman kafar wani safiyo ne Ba'amurke, Manjo A. B. Rogers, mutum mai baƙar magana wanda ma'aikatansa suka sani da ƙwauron abinci. An yi masa alkawarin dala 5,000 da kuma sa sunansa ga mashigin in ya samo shi. A 1881 ya bi rafin Illecillewaet daga yamma tare da ɗan ɗan'uwansa da 'yan asalin yankin na ƙabilar Shuswap waɗanda suka ɗauki kaya, ya hango mashigin daga kan wani tsauni, guzuri ya ƙare, ya juya. A 1882 ya dawo ta gabas ya tabbatar. Kamfanin ya ba shi cakin kuɗin, shi kuma ya sa shi a firam ya rataye, ya ƙi kai shi banki, har sai da shugaban aikin, William Van Horne, ya yi masa alkawarin agogon zinariya in ya je ya karɓi kuɗinsa a daidaita littafin akawu. Mashigin Rogers yana da tsayin mita 1,330 daga doron teku. A ranar 7 ga Nuwamba 1885 aka buga ƙusa ta ƙarshe a Craigellachie, yamma da mashigin, kuma jirgin fasinja na farko ya tashi daga Montreal ranar 28 ga Yuni 1886, ya isa Port Moody a bakin teku ranar 4 ga Yuli.

A nan ne gizo ke saƙar. Ƙarfin jirgin ƙasa yana cikin santsinsa: ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta tirjewa, shi ya sa inji ɗaya ke jan taragai masu yawa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wannan santsin ne kuma ke zama masa ciwo a tudu. Hawan da jaki ko mota ba za su ko lura da shi ba, jirgi sai ya yi ta zamewa a kansa. Yarjejeniyar kamfanin da gwamnati ta ce kada hawa ya wuce kashi 2.2 cikin ɗari, wato a kowace kilomita ɗaya layin ya ɗaga mita 22. Amma a mashigin Kicking Horse, cikin Rockies, kuɗi da lokaci sun ƙure, aka nemi izinin yin hanyar wucin gadi mai kashi 4.5, ninki biyu ke nan. Wucin gadin nan ya kai har 1909. Sai an haɗa injuna har huɗu kafin su hau da jirgin kaya ɗaya, a gangara kuma an yi rassa uku masu hawa tudu, da ma'aikaci a bakin kowanne, domin in birki ya ƙwace wa direba a karkatar da jirgin can ya tsaya ko ya kife shi kaɗai. A ɓangaren Rogers an tsaya a kan 2.2, amma da dabara: a gangaren yamma sai da aka yi ta naɗe layin a cikin kwaruruka yana komowa kan kansa bisa dogayen gadoji, don a tsawaita tafiya a rage tsinin gangara. A ɗaya daga cikin lanƙwasar nan layin ya matso kusa da bakin kogin ƙanƙara.

Yanzu a tuna da tarago guda ɗaya, wanda ake cin abinci a cikinsa. Yana ɗauke da murhu da tukwane, da kwal da ruwa, da tebura da kujeru da ma'aikata, kuma babu kujera ko ɗaya a cikinsa da aka sayar wa fasinja tikiti. A fili ba komai ba ne. A kan hawan da kowane tan ke neman ƙarin inji da ƙarin kwal, jan sa hasara ce tsantsa. Sai kamfanin ya yanke shawarar a riƙa cire shi kafin a shiga tsaunuka, a gina wuraren cin abinci a bakin layi inda jirgi zai tsaya fasinjoji su sauka su ci su koma. Aka gina uku, duk zanen Thomas Sorby: Mount Stephen House a Field, gindin babban hawan Kicking Horse, Fraser Canyon House a North Bend, sai Glacier House a gangaren yamma na Rogers, wanda aka fara a 1886. An yi su da katako, da siffar gidajen tsaunin Suwizalan, da 'yan ɗakunan kwana kaɗan.

Abin da ba a lissafa da shi sosai ba shi ne fasinjan da zai sauka don cin abinci, ya ɗaga kai ya ga tsaunin Sir Donald a tsaye kamar tsinin mashi, ya ga farar ƙanƙara ta zubo har cikin itatuwa, ya ce shi kam a sauke masa akwatinsa, ya bi jirgin gobe. Irin waɗannan suka yi yawa har ɗakuna suka kasa, aka ajiye taragon kwana a wani reshen layi kusa da ginin ana kwantar da ragowar baƙi. Daga baya aka yi ta ƙara gini har ɗakuna suka kai wajen 90, aka sa wutar lantarki, da ɗakin wasanni, da hasumiyar hange, da ɗakin wanke hoto.

Van Horne kuwa faɗuwa ce ta zo masa daidai da zama. Kamfanin ya fito daga aikin ginin da bashi har wuya. A farkon 1885 saura ƙiris ya durƙushe, abin da ya taimaka masa shi ne jigilar sojojin da ya yi zuwa murƙushe tawayen Louis Riel, wadda ta sa majalisa ta yarda da ƙarin rance. Sashen tsaunuka shi ne ya fi cin kuɗi wajen gini da kulawa, kuma shi ne ba ya kawo komai: ba gonakin alkama, ba garuruwa. Abin sayarwa ɗaya ne a wurin, kyan gani. Ana jingina wa Van Horne maganar cewa tunda ba za a iya fitar da tsaunukan waje a sayar ba, sai a shigo da masu kallo. Ya riƙa ba masu zane da masu ɗaukar hoto tikitin kyauta su je su kawo abin da za a liƙa a tashoshi da ofisoshin kamfanin a Turai. A 1888 aka buɗe babban otal na Banff Springs. A 1886 matar firaminista, Agnes Macdonald, ta ba su talla kyauta, da ta dage sai ta zauna a kan ƙarfen gaban inji, wanda ake sawa don ture shanu daga layi, aka gangara da ita tsaunuka a haka. A watan Oktoba na shekarar gwamnati ta keɓe yankin Rogers da na Field, su ne suka zama gandun Glacier da na Yoho. Yana da kyau a lura da jerin: dogo ya fara zuwa, wurin cin abinci ya biyo, sannan gandun ƙasa. Kare daji a lokacin kare hajar kamfani ne, kuma gwamnati da kamfanin ba su ɓoye hakan ba.

Samfurin da ake kwaikwayo Suwizalan ne. A can aka fara mayar da tsauni kasuwa: Thomas Cook na Ingila ya kai ayarinsa na farko na 'yan yawon buɗe ido can a 1863, an buɗe layin dogo mai haƙora da ke hawa tsaunin Rigi a 1871, na Gornergrat a 1898, na Jungfrau ya isa tashar da ke mita 3,454 a 1912, kuma kusan kowanne da otal a ƙarshensa. Bambancin shi ne a Suwizalan an gina waɗannan layuka ne musamman don masu kallo. A Kanada layin na haɗa ƙasa ne, masu kallo ribar ƙafa. Duk da haka attajirin Ingila ya riga ya san yadda hutun tsauni ya kamata ya kasance, kuma Canadian Pacific ta ƙudura ta ba shi daidai abin da ya saba, har da mutanen.

Masu hawan tsauni sun riga kamfanin gane darajar wurin. A 1888 wasu limaman coci biyu daga Ireland, William Spotswood Green da Henry Swanzy, suka mayar da Glacier House sansaninsu, suka zana taswirar yankin suka hau tsaunin Bonney. A 1890 wasu 'yan Suwizalan biyu, Emil Huber da Carl Sulzer, tare da Harry Cooper, suka fara taka ƙolin Sir Donald, mita 3,284. Dalilin da ya sa wurin ya ja su mai sauƙi ne: a wasu ƙasashe sai ka yi kwanaki da dawakai da 'yan dako kafin ka isa gindin tsaunin da ba a taɓa hawa ba, a nan kuwa daga teburin karin kumallo kake fara hawa. Amma a 1896 wani matashin lauya daga Boston, Philip Abbot, ya faɗo daga tsaunin Lefroy kusa da tafkin Louise ya mutu, kuma shi ake lissafawa na farko da wasan hawan tsauni ya kashe a Arewacin Amurka. Shekara ɗaya bayan haka abokansa suka dawo da wani ƙwararren ja-gora daga Suwizalan, Peter Sarbach, suka hau tsaunin lafiya. Kamfanin ya ɗauki darasi. A 1899 ya ɗauko Eduard Feuz da Christian Häsler daga Interlaken ya ajiye su a Glacier House. Aikinsu biyu ne: su ɗaura igiya a ƙugun baƙo su sara masa matakala a ƙanƙara su dawo da shi da rai, sannan su tsaya a dandalin tasha da igiyarsu da gatarinsu lokacin da jirgi ya iso, fasinja ya gani ya ji kamar yana tsaunukan Alps na Suwizalan. A 1901 kamfanin ya ɗauki nauyin zuwan Edward Whymper, wanda ya fara hawa tsaunin Matterhorn na Alps a 1865, don sunansa kawai. Daga bisani aka gina wa ja-gororin wata 'yar unguwa ta gidaje shida a gefen tudu kusa da garin Golden, aka sa mata suna Edelweiss, a inda za a hango ta daga jirgi. Ta yi kyau a hoto. Matansu dai, waɗanda za su yi ta sauka da hawa zuwa kasuwa da makaranta, ba su yi murna da ita ba.

Cikin baƙin otal ɗin akwai wasu 'yan gida ɗaya da, a ganina, suka fi duk masu hawan tsaunin barin abin amfani. Iyalin Vaux ne daga Philadelphia: George da William da 'yar'uwarsu Mary. Sun fara zuwa a 1887 suka ɗauki hoton Illecillewaet. Da suka dawo a 1894 suka gwada hoton da abin da ke gabansu, suka ga ƙanƙarar ta ja da baya. Maimakon su yi mamaki su wuce, sai suka mayar da abin aiki. Suka riƙa dawowa shekara-shekara suna ɗaukar hoto daga wuri ɗaya, suna yi wa duwatsu alama suna auna nisan bakin ƙanƙarar daga gare su, kuma a 1899 suka jera faranten ƙarfe a kan bayanta daga gefe zuwa gefe, don su ga nisan da kowanne zai yi kafin su dawo. Ba ma'aikatan jami'a ba ne, ba wanda ya biya su. Amma saboda jirgi na tsayawa a wurin kuma akwai gado da abinci, sun iya yin abin da kimiyyar ƙanƙara ta fi buƙata, wato maimaita awo a wuri ɗaya tsawon shekaru. Shi ya sa Illecillewaet yake cikin kogunan ƙanƙarar da aka fi sanin tarihinsu a nahiyar. Mary ta hau tsaunin Stephen a 1900, daga baya ta yi suna da zanen furannin daji, ta auri Charles Walcott, shugaban cibiyar bincike ta Smithsonian a Amurka, a 1914.

Duk wannan labarin bazara ne, watanni uku ko huɗu a shekara. Sauran watannin na wasu mutane ne daban.

Iskar da ke tasowa daga Fasifik ɗauke da danshi tana cin karo da Selkirk ta sauke kayanta, har dusar ƙanƙarar da ke zuba a mashigin Rogers tana kaiwa wajen mita goma a shekara. Dusar nan ce ke ciyar da kogin ƙanƙarar da baƙi ke biyan kuɗi su gani, ita ce kuma ke taruwa a kan gangaren da ke gefen layi biyu, ranar da ta ga dama ta zaftaro gaba ɗaya da itatuwa da duwatsu. A hunturun farko bayan kammala layin ba a ma gudanar da jirgi ta wurin ba. An ajiye mutane su zauna su lura da inda take zubowa. Daga abin da suka gani aka gina rumfuna 31 na manyan gungumen katako a kan layin, tsawonsu gaba ɗaya ya haura kilomita shida, don zaftarewar ta bi ta kan rufi ta wuce. Sai kuma aka ga rumfunan suna tare wa fasinja kallo, alhali kallon ake sayarwa, don haka a wasu wurare aka shimfiɗa layi na biyu a waje, na bazara. Wannan ƙaramin abu ya nuna yadda kamfanin ke riƙe da kasuwa biyu a kan dogo ɗaya.

Rumfunan ba su rufe ko'ina ba. Inda dusar ta toshe layi, mutane ake turawa da shebur da injin haƙa. Daga 1885 zuwa 1911 sama da mutum 200 zaftarewa ta kashe a wannan yanki. Mafi muni ita ce ta daren 4 ga Maris 1910. Dusa ta zubo daga tsaunin Cheops ta rufe layi, aka tura ma'aikata su buɗe, suna cikin ramin da suka haƙa suna aiki da fitilu sai wata ta zubo daga tsaunin da ke ɗaya gefen ta rufe su. Mutum 58 suka mutu, 32 daga cikinsu 'yan Japan ne da aka ɗauko ta hannun ɗan kwangila. Inji da mashin ɗin haƙar ma sai da ta ɗaga su ta kifar. Kwana uku kafin nan, a Wellington ta jihar Washington a Amurka, irin wannan ta tura jiragen kamfanin Great Northern biyu cikin kwazazzabo ta kashe mutum 96.

Ba a ga fuskokin waɗannan ma'aikata a takardun talla ba, kamar yadda ba a ga ta Basine ko ɗaya a sanannen hoton buga ƙusa ta ƙarshe ba, alhali Sinawa aƙalla 15,000 ne suka yi aikin sashen yamma, a kan ladan da bai kai na Turawa ba, kuma ɗaruruwansu suka mutu. A shekarar da aka gama layin gwamnati ta ɗora harajin dala 50 a kan duk Basinen da zai shigo ƙasar, ta kai shi 500 a 1903. Sai a 2006 gwamnatin Kanada ta nemi gafara a kan wannan haraji.

Bayan 1910 kamfanin ya haƙura da yaƙi da mashigin. Ba tausayi kaɗai ba ne: alkamar filayen tsakiyar ƙasar ta ƙaru, layi ɗaya mai hawa da lanƙwasa ya zama maƙogwaro mai shaƙe ciniki, ga kuɗin gyaran rumfunan katako da ba ya ƙarewa. A 1913 aka fara huda tsaunin Macdonald, a watan Disamba 1916 aka buɗe ramin Connaught mai tsawon kilomita takwas. Ya rage tsayin da jirgi ke hawa da kusan mita 170, ya gajarta hanya da wajen kilomita bakwai, ya kawar da lanƙwasar nan ta gangaren yamma gaba ɗaya. Ta fuskar injiniya nasara ce ba tantama. Amma Glacier House a kan lanƙwasar yake. Rana ɗaya jirgi ya daina wucewa ta ƙofarsa. Aka yi sabuwar tasha kusa da bakin ramin, ana ɗauko baƙi da keken doki.

Wanda ya riga ya yi niyyar zuwa zai hau keken dokin. Wanda aka rasa shi ne fasinjan nan da ya sauka don cin abinci ya ga tsauni ya fasa tafiya, kuma shi ne ya gina otal ɗin tun farko. Ga shi an sassauta hawa a Kicking Horse tun 1909 da ramuka biyu masu murɗawa cikin dutse, injuna sun ƙara ƙarfi, taragon abinci ya daina zama kaya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗauke baƙin Turai. Motoci sun fara isa Banff da tafkin Louise, kamfanin ya karkata kuɗinsa can. Da gobara ta cinye ɓangaren katako na otal ɗin tafkin Louise a 1924, Glacier House, tsohon ginin katako a tsakiyar daji, nesa da duk wani agaji, ya zama abin tsoro ga masu lissafi. An yi maganar sake gina shi da dutse, ba a yi ba.

A ƙetaren iyaka, a jihar Montana, an bi wannan salo amma da sani tun daga farko. Layin Great Northern na James J. Hill ya ratsa tsaunuka ta mashigin Marias, mai sauƙin hawa, don haka bai buƙaci wuraren cin abinci na dole ba. Ɗansa Louis Hill ne ya mara wa kafa gandun Glacier na Amurka baya a 1910, ya gina Glacier Park Lodge a 1913 da Many Glacier a 1915, da jerin ƙananan masaukai a tsaunuka masu nisan tafiyar yini a kan doki tsakaninsu, yana kira ga Amurkawa su fara ganin ƙasarsu kafin su tafi Turai. Inda Kanada ta tsayar da ja-gororin Suwizalan a tasha, shi 'yan ƙabilar Blackfeet ya riƙa tsayarwa da kayan gargajiya su tarbi baƙi, mutanen da gabashin gandun ƙasarsu ce har zuwa yarjejeniyar 1895. Manyan otal ɗinsa suna nan suna aiki har yau, kuma babban dalili shi ne titin mota ya iske su tun suna tsaye.

Titi bai isa mashigin Rogers ba sai 1962, lokacin da aka buɗe babbar hanyar da ta ratsa Kanada, shekara 33 bayan rushe Glacier House. Dusar ba ta canza hali ba, sai dai yanzu sojojin Kanada ne ke zuwa duk hunturu da igwa, a rufe hanya, su harbi gangaren don ta zubo kafin ta taru. A 1988 aka ƙara rami na biyu a ƙarƙashin tsaunin Macdonald, mai tsawon kilomita 14.7, kuma yawancin abin da ke bi ta ramukan biyu alkama ce da kwal da takin potash da kwantenoni. Mai tafiya a ƙafa zai iya bin tsohon gurbin layin ya ga ginshiƙan dutse na gadojin lanƙwasar a tsaye ba komai a kansu, ya ƙarasa harsashin otal ɗin. Daga nan in yana son ya taɓa ƙanƙarar da fasinjojin 1887 ke zuwa su taɓa su dawo, sai ya shirya wa hawa na sa'o'i, domin Illecillewaet ya ja da baya fiye da kilomita ɗaya, ya bar sulɓaɓɓen dutse a inda iyalin Vaux suka fara ɗaukar hotonsa.